Allon Mai Girma Ya Ce Rana, Kyanwarmu Ta Ce Ruwa

Jama'a, ku shaida na faɗa tun da wuri: ranar Asabar za a ji kunya a ƙauyen nan, kuma a kaina za ta ƙare.

Ranar ce auren 'yata Gobnait. Coci yana ƙetaren rafi, gidanmu yana wannan gefe, tsakaninmu wata 'yar gada da ko raɓa ta yi yawa sai ta nutse. Yau da safe na tarar kyanwarmu ta juya wa murhu baya. Na leƙa waje, shanu duk sun kwanta, tsuntsayen teku sun baro gaɓa sun cika gonar dankali. Kakata ko ɗaya ta gani, kwashe shanya take yi. Ni uku na gani kafin in sha shayi.

Na ruga wurin maƙwabcina Fachtna, mai gwiwar da ba ta ƙarya in ruwa na tafe.

"Tsoho, ya gwiwar?"

"Tun jiya take zagina. Uban amarya, nemi kwalekwale."

"Amma allo ya ce rana."

"Allo! Ranar da ruwa ya tafi da tumakin maƙwabcinmu Dinny ma ai murmushi yake yi."

Kun dai san allon. Da muka roƙi shugaban yankinmu, Mai Girma Uban Alkawari, ya ɗaga mana gada, sai ya ce ba gada ce matsalarmu ba, duhun kai ne: muna sauraron kyanwa a zamanin ilimi. Ya kafa mana allon lantarki mai faɗin yanayi a bakin kasuwa. Aka yanke ƙyalle, aka yi tafi, allo ya nuna rana, ya maƙale a nan. Allah ya ja zamaninsa. Kafinsa babu shugaban da ya taɓa hana girgije shiga yankin nan namu na Kerry.

Matata Nuala ta kai ɗan mutum-mutumin ibadarmu ƙarƙashin shinge, yadda ake yi a al'adarmu don amarya ta samu rana ba ruwa, ta ce in daina firgita yarinya. To ni na firgita ta? Asabar ɗin da za ta yi kyau ai tun Laraba ake gane ta.

Sai ga saƙo: Mai Girma zai biyo mu daga coci ya ci walima a gidanmu, a doguwar motarsa mai jan ciki a ƙasa.

Ruwa dai zai zo. Abin da kyanwa ba ta faɗa ba shi ne, kafin amarya ta ƙetare gada zai zo, ko bayan Mai Girma ya ƙetaro gidanmu.