Madam da Allon Tagullar Oga Abiding

Duk wanda ya yi aiki a hukumarmu ta Abuja a shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai na ambaliya, ya san Allah ya yi mana baiwa da Alhaji Nuraddeen, mataimakin darakta. Kai, mutum ne! Babbar riga kullum sabuwa, wayoyin salula cike da aljihu a lokacin da layi ma ba kowa ke da shi ba. Ga Turanci kuma. An tura shi ɗan kwas Ingila, bai ko gama zaga gari ba aka dawo da shi, amma ya sauka da magana ta hanci, ko "ina kwana" sai ya lanƙwasa ta.

Tsarabar da ya kawo mana ita ce *abiding curiosity*, wato son sani wanda ba ya gushewa, irin na mai neman ilimi har tsufa. Magana ce mai kyau, ba musu. Sai dai Oga ya mai da ita gishirin miya. Direba ya tambaya ko a biya Zuba a sayi lemo, *abiding curiosity* ne. Akanta ya tambayi rasit, shi ma haka. Muka sa masa Oga Abiding, ya ji, ya kuma ji daɗi, ya ɗauka sarauta ce. Shi a karan kansa kuwa, ban taɓa jin ya tambayi kowa komai ba. Me zai tambaya? Ai an haife shi da sani.

Ana haka shugabarmu, Madam Christina, ta zo yin ritaya. Kujerarta ta darakta za ta zama ba kowa a kai, kuma ita za ta miƙa sunan wanda zai hau kafin ta tafi. Masu nema biyu ne: Oga da George, ɗaya mataimakin. Oga ya so kujerar nan kamar ya mutu. Nan da nan ya ƙwace aikin rubuta kalmomin da za a zana a allon tagullar da za a ba Madam ranar walimar bankwana. Ya kulle ofis, ya hana sallama, ya fito yana gumi da jimla guda: *Madam Christina is an abiding curiosity.*

George ya leƙa, ya ce, "Oga, ina jin *has* ake cewa, ba *is* ba."

"George, George!" in ji Oga, yana girgiza kai cike da tausayi. "*Has* ai na 'yan tireda ne. Wane yana da mota, wane yana da akuya. Abin da mutum yake da shi ɓarawo na iya ɗaukewa. Babban mutum ba ya *has*, babban mutum *is* yake yi. Wannan Turancin ba a koyar da shi a nan ƙasar."

George ya ce haka ne, ya gode da ƙarin ilimi. Shi ne ma ya ba da shawarar a ƙara wa haruffan girma, don na baya su gani.

Ranar walima ɗakin taron otal ya cika, har da manyan jami'an ma'aikatu. Oga ya hau dandamali, ya gyara riga, ya yaye ƙyallen da ke kan allon, ya karanta jimlarsa da muryar mai labaran rediyo. Sannan ya tsaya yana jiran tafi. Ni dai kunya ta kama ni, na sunkuya ina wasa da cokali.

Madam ta karɓi makirfon. "Na gode, Nuraddeen. Kafin na shigo aikin nan Turanci nake koyarwa, bari in yi darasin ƙarshe. In ka ce mutum *has curiosity*, ka ce yana son sani. In ka ce *is a curiosity*, ka ce abin kallo ne, irin ɗan maraƙi mai kai biyu da ake taruwa a kansa a kasuwa. Ka ƙara da *abiding*, wato na ƙi tafiya."

Wani daga baya ya kasa riƙewa, ya tuntsire da dariya. Shi ke nan, ɗaki ya ɗauka.

Wallahi ko a nan Oga bai rasa ta cewa ba. "Madam, aikin masu zanen allo ne! Wannan jahilci ba daga ofishina ya fito ba. Ni da kaina zan binciko wanda ya rubuta shi, kuma ina ba da shawara a kore shi daga hukumar nan!"

"Kada ka wahalar da kanka," in ji Madam. Ta sa tabarau, ta duba ƙasan allon, ta karanta a hankali: tsarawa da rubutawa, Alhaji Nuraddeen, da duk digirorinsa a jere, har da takardar halartar kwas ta Ingila, cikin haruffan da suka fi na sunanta kauri.

Ta juya. "George, ka ji shawararsa. Ran Litinin in ka zauna a kujerar darakta, sai ka duba ta."