Malam Kore-Shar da Gwarzon Shekara

Allah ya yi wa makarantarmu baiwa da mutum ɗaya wanda ba a samun irinsa sai an tona. Sunan muƙaminsa kaɗai ya cinye faɗin ƙofar ofishinsa har ya gangaro layi na biyu: Babban Jami'in Tattarawa da Tantance Bayanan Ƙwazon Ɗalibai. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya buga, shi ya manna. Mu da numfashinmu bai kai nan ba, Malam Kore-Shar muke ce masa, a bayan idonsa.

Aikin nasa babba ne, kada wani ya raina. Ƙarshen kowane zango, kowane malami yakan zauna ya auna yaran ajinsa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta inda kowa ya tsaya. Ja na wanda aka bari a baya, ɗorawa na mai tafe yana ɗingishi, kore na wanda ya cimma abin da ake so, sai kore mai tauraro na wanda ya zarce. Malam Kore-Shar ke karɓar takardun ya shigar da su cikin manhajar makaranta. Wani marar tunani zai ce ai kwafa ce kawai. Shi kuwa ya fi kowa sanin cewa ba don yatsansa ba, da ilimi ya daɗe da rushewa.

Kalmar sirrin manhajar tana cikin kansa shi kaɗai. In zai buga ta, sai ya kare madannan da hularsa, ya dubi taga, ya dubi silin, kamar ƙadangarun bango ma 'yan leƙen asiri ne.

Masu baƙin ciki suna cewa shekara shida da suka wuce shi ne malamin aji uku, kuma yara sun taɓa kulle shi a cikin kabad ɗin littattafai har aka tashi tara. Suna cewa tun daga ranar ya gano cewa kwamfuta ba ta jifa da alli, ba ta tambayar abin da mutum bai sani ba. Ni dai ban ce ba. Abin da na sani shi ne, in hanya ta bi da shi ta gaban ajujuwa, sauri yake kamar wanda ya bar wani abu a kan wuta.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, zuciyarsa ta cika taushi. Ba ya iya ganin ja a jikin allon kwamfuta. Da ya gani sai linzamin kwamfutar ya zame masa, jan ya koma ɗorawa. Gurbin da aka bari babu komai kuwa ya fi tayar masa da hankali, don haka yakan cike shi da alheri.

"Yaro kamar shuka ne," in ji shi a taron malamai, yana kaɗa ɗan makullin ofis a yatsa. "Kowane zango dole ya ƙara taki ɗaya. Wannan ba ra'ayina ba ne, kimiyya ce. Ku kuna ganin yaro, ni ina ganin jadawali. Wa ya fi hangen nesa?"

Kowa ya gyaɗa kai, ban da malamar aji huɗu, dattijuwar da ta koyar da rabin iyayen yaran nan, wadda duk muke kira Inna. Tana da wata yarinya a ajinta, 'yar wani tela, mai wayo kamar me, amma haruffa sun ƙi zama mata wuri ɗaya. A makarantarmu akwai ajin taimako, awa ɗaya bayan an tashi, kuma manhaja ce ke fitar da sunayen masu shiga. Wanda ba ja ba, babu kujerarsa. Zango biyu Inna tana rubuta wa yarinyar ja, zango biyu tana fitowa ɗorawa.

Ranar da ta kai takardun zango na uku, ba ta ajiye ta juya ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Ɗana, jan nan da na sa wa 'yar tela, ka bar mini shi yadda yake."

"Inna, ja tabo ne ga sunan makaranta. Mai duba makarantu na zuwa jibi. So kike ya ga allona kamar mahauta?"

"So nake ta iya karanta sunanta kafin ta bar hannuna. Kuma takardar da na aiko maka sau uku a kan ɗan makanikin nan na ajina, ka karanta?"

Ya yi murmushin tausayi, ya nuna tarin takardun da ya tokare ƙafar teburinsa da su. "Zamanin takarda ya wuce, Inna. Abin da ba ya cikin manhaja bai faru ba."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta. Ta miƙe. Ko fita ba ta gama yi ba, 'yar tela ta zama kore.

Ranar zuwan baƙo, Malam Kore-Shar ya sa tabaran da ba na magani ba, ya rataya katin shaida har biyu a wuya. Aka tara malamai da yara a babban ɗakin taro, aka kunna majigi. Bango ya yi kore shar kamar gona bayan ruwa. Shugaban makaranta ya gyara zama yana haɗiyar daɗi.

"Ranka ya daɗe," in ji gwanin namu, "lokacin da na karɓi wannan aiki, ja ya yi wa makarantar nan katutu. Yau ka duba da idonka. Ban yi da bulala ba, ban yi da tsawa ba. Da basira na yi."

Mai duba makarantu, wani siririn mutum mai maganar sanyi, ya gyaɗa kai. "Madalla. Wane yaro ne ya fi kowa ci gaba?"

Abin nema ya samu. Dannawa ɗaya, sai ga suna a saman bango: ɗan makaniki, aji huɗu. Daga ja zuwa ɗorawa, daga ɗorawa zuwa kore, yanzu ga tauraro yana ƙyalli.

"Wannan yaro," in ji Malam Kore-Shar, hannu a ƙirji, "ni na bi shi taki-taki. Kusan in ce ɗana ne."

"Gani ya kori ji. A kira mini shi."

Malam Kore-Shar ya kira sunan da murya mai amo. Shiru. Ya sake kira. Yaran aji huɗu suka fara toshe baki. A kira na uku, Inna ta ɗaga hannu kamar ɗaliba mai ladabi.

"Ranka ya daɗe, sai dai a ɗaga murya sosai. Iyayensa sun tashi daga garin nan tun bara. Shi ya sa nake barin gurbinsa ba komai."

Baƙon ya nemi takardun malamai na ainihi, aka ɗaga ƙafar tebur aka zaro su. Kafin a tashi, an mayar da kowane launi mazauninsa, kalmar sirri ta koma hannun kowane malami, kuma manhaja ta fitar da sunaye talatin da bakwai na ajin taimako. Na 'yar tela ne na huɗu.

Saura wanda zai koyar da su. Shugaban makaranta ya ce malamai sun yi ƙaranci. Baƙon ya ɗauki guntun alli daga kan tebur, ya ɗora a tafin hannun Malam Kore-Shar, ya naɗe masa yatsu a kai cikin girmamawa.

"Ga gwani a gabanku kuna nema? Mutumin da ya koyar da yaron da ba ya nan har ya zarce kowa, ai waɗanda suke nan ba za su gagare shi ba."

A ajin taimakon akwai kabad. Inna ta riga ta cire makullin ta sa a jakarta, saboda ita ma zuciyarta tana da taushi.