Ranar da Na Kai Faɗan Koriya Filin Kokawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye sauran abin da ke kaina, da yammacin da na shiga filin kokawa a bakin kogin Haɗejiya sanye da fararen kaya, ina taƙama ni gwanin faɗan mutanen Koriya ne. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ni kuwa lokacin sabon malamin elementare ne, ina da keke, ina da alƙalami biyu a aljihun gaba (ɗaya ba ya rubutu, don ado nake saƙala shi), kuma a ganina duk garin babu wanda ya kai ni wayewa.

Mafarin abin wani dattijo ne da muke kira Baba Saja. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama. Da aka sallame su sai Baturen da ya yi wa aiki a can ya tafi da shi a matsayin kuku, har aiki ya kai su ƙasar Koriya, ya yi shekaru kafin ya dawo gida ya kama noman shinkafa a fadama. Mutum ne marar yawan magana, siriri, furfura ta fara cin gemunsa. In ka gan shi da fartanya a kafaɗa ba za ka ce ya taɓa wuce Birniwa ba.

Wata safiya na bi bakin kogi a kan keke, ruwa ya ja baya ya bar farin rairayi, sai na hango mutum shi kaɗai cikin farar taguwa mai buɗaɗɗen gaba da farin wando, ya yi ɗamara da wani ƙyalle mai duhu. Yana taku, yana juyi, ya kai naushi ga iska, ya tsaya cik kamar an dasa shi, sannan ya ɗaga ƙafa sama da kansa ya sauke ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ko rairayin bai tashi ba. Na daɗe a tsaye baki buɗe kafin na gane Baba Saja ne.

Da ya gama na gaishe shi, na ce, "Baba Saja, wannan wace irin rawa ce?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ba rawa ba ce, Malam. Can suna ce mata tansudo. Wani dattijon Bakoriye da ke kawo mana itace a bariki ne ya koya mini. Shekara uku ina binsa."

Daga ranar na manne masa. Kuma gaskiya ko yau in na tuna abubuwan da ya faɗa mini sai in ji mutanen nan sun burge ni. Ya ce faɗansu iri-iri ne. Akwai kokawa a kan rairayi kamar tamu, sai dai su kowa ɗaura ƙyalle yake a ƙugu da cinya, a nan ake kamawa, wanda ya kada kowa kuma a ba shi sa. Akwai wani tsohon wasa na ƙafa da ake yi ana rangaji kamar mai jin kiɗa. Sai kuma irin nasa, na naushi da shuri. Ya nuna mini yadda ake sa taguwar, ɓangaren hagu a kan na dama, da yadda ake zagaya ɗamara a ƙulle ta bakin nan biyu su zo daidai da juna. In ya tuɓe kayan, ninke su yake tsaf ya ɗaure da ɗamarar, ba ya yarda su taɓa ƙasa. Ba a shiga fili da takalmi. Kafin a fara a sunkuyar da kai a gaida juna, in an gama ma haka. (Ya ce shi kai kawai yake ɗan rusunarwa, don ya gaya wa malamin nasa cewa ruku'u na Allah ne, dattijon kuma bai musa ba.)

Na ce, "To wannan baƙar ɗamarar fa?"

Ya ce, "Duba da kyau. Ba baƙa ba ce, shuɗiya ce mai duhu. A gidan malamina ba a ɗaura baƙa. Ya ce baƙi shi ne ƙarshen rini, ba abin da za a ƙara masa, shi kuwa mai koyo ba ya ƙarewa. Sabon shiga fara yake ɗaurawa."

Sai ya ba ni wani farin tsumma ya ce in ɗaura a kan rigata. Mako shida ina zuwa kullum da safe. Me na koya? Tsince ƙaya daga rairayi, gaisuwa, tsayuwa da gwiwa a lanƙwashe har cinyoyina su kama rawa, da naushi ƙwaya ɗaya tak. In na ce, "Baba Saja, yaushe za mu kai kan shuri?" sai ya ce, "Ƙafar da ba ta iya tsayuwa ba, ina ta ga tashi?"

Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Ga shi na riga na cika baki a makaranta da wajen mai shayi cewa na samo wani faɗa daga ƙetare wanda ya fi dambe da kokawa. Ga shi an gama girbin shinkafa, ana shirin babbar kokawa a bakin kogi, 'yan wasa za su zo daga Auyo da Kirikasamma. Uwa uba, na ji labarin Malam Modu mai fataucin kifi, mahaifin yarinyar da nake nema, ba ya fashin kallon kokawa. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ga dama ta samu.

Ban gaya wa Baba Saja ba. Na sayi alawayyo na kai wa tela, na zana masa kayan a takarda. Ya duba ya ce, "Malam, wandon nan in tsalle za ka yi da shi, bari in sakar masa hantsa, tsakanin ƙafafun ya yi faɗi."

Na ce, "A'a, matse shi kamar na Turawa. Ba buje na ce ka ɗinka mini ba."

Ya ce, "To, kai ne mai ilimi."

Ɗamara kuwa na kai ta marina ana gobe wasa, na ce a rina mini ita baƙa ƙirin, wadda ta fi ta Baba Saja duhu (ka ji fa, mai mako shida). Marinin ya ce irin wannan sai an yi kwanaki ana tsomawa ana shanyawa. Na ce ya yi mini dabara. Ya yi dabararsa, na karɓo ta da sauran danshi.

Ranar wasa bayan la'asar fili ya cika maƙil. Makaɗa na ta kiɗa, kwalekwale jere a bakin ruwa, ɗalibaina sun yi cincirindo a gaba, ga Malam Modu a kan tabarma da abokansa. Na ɓuya bayan wata bukkar masunta na sa kayana na fito ina taku ɗai-ɗai. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta ɗaga kai ta gan ni, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wane ne wannan ya fito da likkafaninsa?" Aka yi dariya. Na ce a raina jahilci ne.

Na shiga tsakiyar fili na ce ina neman abokin karawa. Aka yi ta kallon-kallo, don ba wanda yake son a ce ya kada malamin makaranta. Can wani masunci daga Auyo, gajere kakkaura mai suna Jatau, ya fito yana sosa ƙeya. Na haɗe ƙafafu na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini. Shi kuwa bawan Allah ya zaci gaisuwa ce ta sosai, sai ya durƙusa har ƙasa.

"Allah gafarta Malam. Ina wuni? Ya gajiya? Ya yara?"

Na ce, "Lafiya lau, tashi mu fara."

"Ya mutanen gida?"

Da kyar aka tashe shi. Na gyara tsayuwa, na dunƙule hannu, na kurma irin ihun da Baba Saja ke yi daga cikinsa in ya kai naushi. Nawa daga maƙogwaro ya fito, siriri, kamar an taka ɗan akuya. Wani jaki da aka ɗaure a gindin giginya ya amsa mini. Fili ya ɗauki shewa. Gumi ya karyo mini, ɗamarar nan kuwa ta fara aikinta: na duba na ga shuɗi yana gangarowa a kan farin wandona layi-layi, tafin hannuna ma ya rine.

A nan mai hankali zai ce wasa ya ƙare. Ni kuwa sai na ce bari in rufe bakin kowa da shurin nan na sama da kai, wanda ba a taɓa koya mini ba, sai dai na gani daga nesa. Na ja da baya, na tattaro duk ƙarfina, na wurga ƙafar dama sama.

Ƙarar da ta biyo baya, wallahi har makaɗa sai da suka tsaya. Ɓaraaat! Wandon ya rabe tun daga gaba har mazagin baya. Ƙafar kuma ba ta dawo ba, don Jatau ya cafe ta ya ɗora a kafaɗarsa, ya bar ni ina tsalle da ƙafa ɗaya, ina fuskantar tabarmar Malam Modu.

Yanzu dole in faɗi abin da ke ciki. Wani ɗan gajeren wando ne da innata ta ɗinka mini da ragowar atamfarta (ai ba wanda zai gani, in ji ni da safe). Atamfar kuwa ja ce, mai zanen manyan kifaye.

Jatau ya leƙa, ya ɗago cikin ladabi ya ce da ƙarfi, "Ashe Malam ma namu ne! Ga tarwaɗa nan har uku." Sannan ya tambaye ni, "Allah gafarta Malam, in sauke ƙafar ko in ƙara riƙe maka?"

Sai ya ɗauke ni cak ya kwantar a rairayi a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya. Na ga Malam Modu ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Makaɗa kuwa nan take suka sa ni a kiɗa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ina kwance sai na ji an lulluɓe ni da riga. Baba Saja ne, ashe yana cikin taron tun farko. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Saja, wannan ne faɗan Koriyar da ka je ka koyo?" Sai lokacin na gane ba kaina kaɗai na kunyata ba.

Baba Saja ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Daga shi sai 'yar shara da bujensa na gona. Ya roƙi Jatau ya ari hula ya sa, ya tsaya kyam. Baba Saja ya rusunar masa da kai. Ban ga tashin ƙafar ba, na dai ga hular ta bar kan Jatau tana maƙale a yatsun ƙafar dattijon, can sama, ƙafar a miƙe ba ko rawa. Ya riƙe ta haka har sai da kowa ya gani, sannan ya sauko da ita a hankali, ya karɓi hular da hannu biyu ya miƙa wa Jatau, ya sake rusunar da kai. Mata suka ɓarke da guɗa. Jatau ya shafa kansa ya ce, "Baba, ko gashina ba ka taɓa ba." Ni kuwa na tashi na sulale na gudu gida.

Washegari na je bakin kogi ina jan ƙafa, na tabbata korata zai yi. Na miƙa masa ɗamarar na ce, "Baba Saja, na tuba."

Ya juya ta a hannu, ya dubi yatsunsa da suka rine, ya ce, "Wando ya yage, wannan ba komai ba ne, ana ɗinkewa. Faɗuwa ma kowa ya faɗi. Abu ɗaya ne ya dame ni. Ka gaida mutumin nan da za ku fara, amma da ya kada ka, ka tashi ka gudu ba ka gaishe shi ba. A wurinmu wasanku bai ƙare ba tukuna."

Na ce, "Ai ya koma Auyo."

Ya ce, "Kwalekwale na zuwa Auyo."

Haka na shiga jirgi ran Asabar, na sami Jatau yana gyaran komarsa ta kamun kifi a ƙofar gida, na tsaya gabansa na rusunar da kai na ce na gode da karawa. Ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Ya ciyar da ni, ya rako ni bakin ruwa, ya cusa mini ƙunshin busasshen kifi (bai faɗi irinsa ba, ni ma ban tambaya ba, amma duk mun sani).

Malam Modu dai bai hana ni 'yarsa ba. Ya ce wanda ya iya zuwa har Auyo ya gaida wanda ya kada shi, zai iya zama da mutane. Sunan Malam Tarwaɗa kuwa ya bi ni makaranta uku. Na ƙara shekara biyu a wajen Baba Saja da farin tsummana kafin ya yarda in ɗaga ƙafa ta kai ƙugu.

Abin da na koya ba shi da tsawo, kuma ya yi mini amfani a wajen aiki da wajen taro fiye da filin wasa: kafin ka ɗaga ƙafa sama da kanka a gaban jama'a, ka tuna abin da ka sa a ciki.