Yashin Bincikena a Kaskon Gyaɗar Inna

Ko zan manta da duk abin da aka koya min a jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da Dokta Pam ya daina tauna ya zuba min ido ba. Har yau in na ji ƙamshin soyayyar gyaɗa sai ranar ta dawo min.

Ina ajin ƙarshe ne a sashen fiziks, zamanin da wayar hannu ta fara yawa a Jos, kowa sai filashin yake yi wa kowa. Dokta Pam, malamin da ke duba aikin bincikena na kammala karatu, ya ce in auna yashin da masu haƙar kuza suka wanke suka bari tuli-tuli a bakin tsofaffin kududdufai. Wannan yashi yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, radiyeshan muke ce masa, in ya yi yawa yana cutar da jiki, ga shi mutane suna ɗiba su yi shafen ɗaki da shi. Aikina in ɗebo daga wuri goma sha biyu, in busar, in tankaɗe, a auna a ga inda ya fi ƙarfi. Na'urar awon ɗaya ce tal, layi ake bi, ni an ba ni ranar wata Litinin. In na rasa ta, abokaina za su tafi bautar ƙasa su bar ni.

Sati uku na yi a bayan acaɓa, daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, ina cika leda ina rubuta lamba. A wani kududdufi ma na bar takalmina ƙafa ɗaya. Duk ranar da na dawo gidanmu a Dilimi da kaya, sai mahaifiyata ta bi ni da kallo. Rannan ta ce, "Wai kai yashin nan da kake ta jibgo min gida, gini za ka yi?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Inna, bincike ne. Ba za ki gane ba."

(In na tuna wannan magana ji nake kamar in mari kaina.) Ita dai ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Furofesa."

Murhun busar da kaya na makaranta ya lalace, don haka ranar Alhamis na shanya yashin a lungun bayan madafa, kowane kashi a kan takardar siminti mai lambarsa. Na tankaɗe shi tas, laushi kamar garin tuwo. Abin da furofesan ya manta shi ne, tun kafin a haife shi Inna gyaɗa take soyawa ta sayarwa, kuma da yashi ake soya gyaɗa.

Juma'a da safe ta miƙo min kwalba cike, ta ce in kai wa malamina, kamar yadda ta saba. Na kai da fara'ata, Dokta ya karɓa yana sa mata albarka. Bayan an sauko daga masallaci na shiga lungu in kwashe kayana, sai na tarar da takardu goma sha biyu an karkaɗe su an ninke, an ma ɗora musu dutse kada iska ta ɗauke.

"Inna! Ina yashina?"

"Kai, kada ka tara min jama'a. Ga shi can a kasko, ban zubar ba. Nawa ne ya yi baƙi jiya, na ga naka fes."

Innalillahi! Gumi ya karyo min har cikin safa. Ga wahalar sati uku ta haɗe wuri ɗaya, ga gyaɗar da rabin unguwa suka saya, ga kwalbar da na kai da hannuna. Ni da na karanta fiziks ya kamata in san cewa zafin wuta ba ya sa radiyeshan ya shige cikin gyaɗa, amma tsoro ya share min karatun kaf. Duk wanda ya yi tari a layinmu sai gabana ya faɗi.

Mai hankali zai faɗa wa Inna gaskiya, ya je ya faɗa wa Dokta. Ni kuwa sai na rufe ƙofar ɗaki, na sake tankaɗe yashin kaskon, na raba shi kashi goma sha biyu da ludayi, na mayar cikin ledodin. Wannan Rayfield, wannan Bukuru, wannan Barikin Ladi. Allah ya gani, har ina ƙara wa Bukuru rabin ludayi don kada a gane.

Ranar Litinin aka auna. Leda ta ɗaya, ta biyu, ta uku, har ta goma sha biyu, kusan lamba ɗaya suke bayarwa. To da me za su bayar? Na kwashi takardar sakamakon da ledodin zuwa ofishin Dokta. Ina shiga na ga kwalbar Inna a kan teburinsa, ta kai rabi, yana zubawa a tafin hannu yana watsawa a baki.

Ya daɗe yana duba takardar. "Abokina, wuri goma sha biyu, wani ya yi nisan tafiyar awa guda da wani, duk awo ɗaya? Yi min bayani."

A nan ne na ƙara wa kaina. Na ce, "Oga, ina ganin wataƙila duk ƙasar Filato daga dutse ɗaya ta fito, shi ya sa." Har da zana masa da hannu a iska.

"Haka ne? Ashe mun samu babban masani." Ya jawo leda mai lamba bakwai, ya kwance, ya kai hanci. Ya sake shaƙa. Sai ya zuba kaɗan a kan farar takarda, ya baza da biro, ya tsamo wani ɗan jan abu ya ɗaga sama. Ɓawon gyaɗa ne. Ya ɗanɗana yatsansa ya ce, "Har da gishiri. Wane dutse ne wannan?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na fara zuba kamar famfo: lungu, kasko, ludayi, komai. Yana saurare yana ci gaba da taunarsa, har na zo inda ba makawa.

"Oga... gyaɗar nan ta hannunka ma a ciki aka soya."

Bakinsa ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi kwalba. Sai ya ɗauko ƙaramar na'urar hannu daga durowa, mai yin ƙas-ƙas in ta ji radiyeshan, ya kara ta a jikin kwalbar. Ni dai ina karanto duk addu'ar da na iya. Ta yi ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas, daidai yadda take yi a ko'ina cikin ɗakin. Ya sauke numfashi, sannan ya fashe da dariyar da ta leƙo da malaman ofisoshin kusa. Kafin la'asar duk sashen sun san ni da Furofesan Gyaɗa.

Da ya gama dariya ya ɗaure fuska. Ya ce haɗewar yashi tsautsayi ne, da na faɗa da ya nema min wata rana, amma ludayin nan ha'inci ne. Ya yaga takardar a gabana, ya ce in faɗa wa mama kada ta ƙara taɓa irin yashin. Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni kuwa na koma kududdufai cikin ruwan Agusta, ina raɓe a bayan acaɓa da leda a ka.

A ranar da Dokta ya yaga takardar na zaunar da Inna na yi mata bayanin komai. Minti biyar bai cika ba ta gane sarai, ta tashi ta wanke kasko sau uku. Ta dawo tana goge hannu ta ce, "Yanzu wannan ne abin da ba zan gane ba?"

Tun daga nan duk abin da na shigo da shi gida, ko dutse ne, sai na tsaya a bakin madafa na gabatar da shi tukuna. Kuma ban ƙara ce wa kowa ba zai gane ba, balle mai kasko.