Filin da Barmo Ya Saya a Ƙetare

A wani daji mai tsandauri akwai zuriyar gafiyoyi. Suna da hatsi, suna da lafiya, ƙasa mai laushi ce kawai ba su da ita. Haƙa rami ɗaya sai ya cinye wa mutum farata. Don haka duk wanda ya yi arziki, burinsa a ce yana da gida a ƙetare, can Ƙasar Fadama.

Da rani ya tsaya, wani daga cikinsu mai suna Barmo ya sayar da ramin gadonsa, ya kama hannun 'yarsa Dela, suka tafi. Jatau, wani kwaɗo dillali, shi ya tarbe su.

"Taka ka ji, Alhaji," in ji Jatau. "Kamar tuwo. Da wutsiya ma sai ka haƙa."

Barmo ya taka, ya lumshe ido. Ita Dela unguwar take kallo. Ramuka ne jere, bakin kowanne a shafe sumul, babu sawu, babu kukan yaro.

"Baba Jatau, ina masu gidajen nan?"

"Baƙi ne irinku, 'yan nan. Mutanen kirki. Ko ɗaya bai taɓa kawo ƙara ba."

Aka kai su majalisa. Kada ne alƙalin filaye, ya yi magana ba tare da ya buɗe ido ba.

"Baƙo namu ne. Dokarmu ta yarda ya sayi ƙasa, tun daga inda ƙafarsa ta taka har iya zurfin da ya ga dama, shi da jikokinsa. Da rani muke ciniki, haka muka gada. Abin da ke saman ƙasa kuwa na 'yan gari ne, ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi zuwa. Ka yarda?"

Barmo ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, me zan yi da sama? Ni ba tsuntsu ba ne."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Kwaɗi suka shaida, aka shafa fatiha.

Da yamma Barmo ya auna tsawon filinsa, ya auna faɗi, ya shiga haƙa yana waƙa. Kamar kowace gafiya, kansa a ƙasa yake. Dela ta gaji da kwasar turɓaya, ta kwanta rigingine a gindin wata giyayya. Can gabas hadarin farko ya fara haɗuwa.

Sai ta hango wani abu fari a reshe, sama da tsayin raƙumi. Ƙashin tarwaɗa ne, cikakke, busasshiyar gansakuka ta naɗe shi. Ga wani a reshen gaba. Ga wani kuma.

"Baba, fito ka gani."

"Bari in gama ɗakinki, uwata," muryarsa ta taso daga can ƙasa. "Naki zai fi kowanne zurfi."

Dela ba ta san doka ba, ba ta san ciniki ba. Abin da ta gane shi ne, kifin nan ba hawa bishiyar ya yi ba.