Injiniya da Rumbun Otal ɗin Surukinsa

"Ni da rumbun bayanai? Ko daga barci ka tashe ni, ido rufe zan gyara shi!"

Injiniya ke nan. Kada ka tambaye ni wa ya raɗa masa sunan, shi ya yanka wa kansa rago. Haka muke mu 'yan kwamfuta, Allah Ya shirye mu: mutum ya iya kunnawa da kashewa, sai kafaɗa ta tashi.

Surukinsa mai otal ne ya damƙa masa bayanan baƙi kaf, wa ya kama wane ɗaki, yaushe zai iso. Gogan ya kwashe su ya zuba a rumbun haya na gajimare, wato can a intanet, irin wanda kamfani ke kula da shi, har ya riƙa ajiye maka kwafi kullum. Nan ransa ya ɓaci.

"Kwafi kullum? Wannan ai raini ne!" Ya kashe tsarin, ya dubi surukin. "Baba, da hannuna zan riƙa ajiyewa."

Rannan da safe, yana kurɓar shayi a bayan kanta, ya ce bari ya share rumbun gwaji. Rumbuna biyu ne, na gwaji da na gaske, sunansu kamar Hassan da Husaini. Sarkin gaggawa ya cafki na gasken.

Kwamfuta ta ce akwai kariya. Ya cire.

Ta ce, "Ka tabbata?"

"Ni kike tambaya?"

Ta ce ko a ɗauki kwafin ƙarshe? Ya ja tsaki ya danna a'a.

Shayin bai huce ba mai karɓar baƙi ta leƙo. "Injiniya, allo fa ya koma fari fat! Ga mutane da akwatuna, kowa ya ce ɗakinsa ne mai kallon lambu."

Ya ajiye kofin shayin. Sai ga suruki, hula a karkace.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji Injiniya, gumi har wuya. "Ai ina da kwafi. Ban taɓa fashi ba."

"Madalla. Ɗauko."

Ya danna nan, ya danna can. Ya sosa ƙeya.

"Ina ka ajiye shi?"

"Wuri mafi tsaro, Baba."

"Ina ne?"

Murya ta koma kamar ta sauro. "Cikin rumbun."

Suruki ya kalle shi sama da ƙasa, ya kalli baƙi, sannan ya nuna tulin akwatunan.

"Injiniya, ɗauki. Su dai ba sa gogewa."