Ni da Mataki na Uku a Ajin Welsh

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Talatar nan ba, ko da na so, don matata Hajiya ba za ta bari ba.

Jikata Safiya ce sanadi. 'Yata Rahinatu tana aikin jinya a arewacin Wales, can ta haife ta, kuma a makarantar yarinyar da harshen Welsh ake komai. Hausarta ba ta wuce “zo” da “tafi” ba. In aka miƙa mata waya sai ta yi mini Turanci kalma biyu ta arce, amma ina jiyo ta tana zuba da 'yar tsanarta da wancan harshe kamar rediyo. Abin ya ci mini rai. Jikar da ya kamata in riƙa tsokana ina ce mata amaryata, ga shi ta mai da ni baƙo. Da aka ce za su zo Tamale da babbar Sallah, sai na rantse za ta same ni da harshenta a baki.

Rahinatu ta samo mini ajin manya da ake yi ta waya, ana ganin juna. Mataki-mataki ne, kai ke zaɓa.

“Baba, na farko za ka shiga,” in ji ta.

“Ni? Shekara talatin ina koyarwa, sannan in koma aji ɗaya?”

(A yi mini adalci: ina jin Hausa da Dagbani da Twi da Turanci, kuma ban da Hausar da Turancin duk a kasuwa na tsince su.) Mu a Tamale mun san dabarar. Ka iya gaisuwa, ka iya amsawa, sauran zai biyo baya. Badagombe, mai yaren Dagbani, zai gaishe ka minti biyar, kai naka “naa, naa” ne kawai, ko ba ka ji me ya ce ba, ku rabu da mutunci. Cikin mako guda na haddace gaisuwar Welsh, na gano “naa” ɗinsu shi ne “da iawn”, wato madalla, ya yi kyau. Na danna mataki na uku. Na huɗu na so, tawali'u ya hana ni.

Ranar farko na sa sabuwar rigata ta batakari, na jingina wayar da filas a tsakar gidanmu a unguwar Changli. Don tsautsayi har na kira maƙwabcina Alhaji Seidu ya zo ya ga yadda ake yi. Hajiya na gefe tana tsintar wake.

Malamar ta gaishe ni, na amsa tsaf. Alhaji Seidu ya gyaɗa kai. Sai dai gaisuwar ta ƙare nan take (mutanen nan ba sa tambayar gida, balle gajiya), aka shiga magana ta gaske. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ci gaba da murmushi.

Can sai wani dattijo mai furfura ya fara magana a hankali, yana yi yana tsayawa. Mutum tara a ajin, ba wanda ya amsa masa. A wurinmu wannan rashin tarbiyya ne, babba na magana a bar shi shi kaɗai. Na ce bari in nuna musu. Ya tsaya, na ce, “Da iawn.” Ya sake tsayawa, “Da iawn.” A na uku har da ɗaga babban yatsa.

Malamar ta koma Turanci, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce bawan Allahn yana gaya mana ne makon jiya aka binne matarsa, kuma harshenta ne yake koyo.

Ni, wanda in aka yi rasuwa a Changli ni ake sakawa gaba wajen ta'aziyya. Gumi ya jiƙa batakarin. Na ba da haƙuri da Turanci, da Hausa, har “inna lillahi” na ja. Dattijon ya ɗaga hannu alamar ba komai, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Alhaji Seidu ya tuna ya bar motonsa mai ƙafa biyu a rana.

“Malam, me mutumin ya ce?” in ji Hajiya.

Na gaya mata.

“Kai kuma ka ce madalla?” Ta ajiye faranti. “To ka bar abin nan haka, kada ka ja mana faɗa da Turawa.”

Ban bari ba. Kunya ba ta kisa, kuma Sallah na tahowa. Washegari na roƙi malamar ta mai da ni mataki na farko, amma ta fara koya mini yadda suke ta'aziyya. Kwana uku ina maimaitawa, na naɗa a waya, ta kai wa dattijon. Sannan na zauna tare da masu ƙirga ɗaya zuwa goma, da littafi da fensir, kamar yaran da na yi shekaru ina zanewa.

Da Sallah Safiya ta iso, ta laɓe bayan uwarta. Na durƙusa na gaishe ta da Welsh. Ta zaro ido, ta kwararo mini magana. “Da iawn” ya zo har bakina, na haɗiye shi, na ce mata da harshenta, “Ban gane ba. A hankali.” Ta yi dariya, ta kama yatsana, ta sake faɗa kalma-kalma. Ashe tambaya take ko za a bar mata ragon ta tafi da shi.

Harshe huɗu nake taƙama da su, amma sai a na biyar na koyi cewa “ban gane ba”. Hajiya ta ce in daure in koye shi da Hausa ma.